FASHIN BAƘI: Yadda bashi da cunkoson kasuwa suka durƙusar da Remington, tsohon kamfanin ƙera bindigogi na Amurka

A ranar 27 ga Yuli, 2020, kamfanin Remington Outdoor ya shigar da takardun karayar arziki a gaban wata kotun tarayya da ke Jihar Alabama. Karo na biyu ke nan cikin shekara biyu da 'yan watanni. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne lokacin da hakan ya faru. A shekarar ce Amurkawa suka yi rububin sayen bindiga irin wanda ba a taɓa gani ba, saboda fargabar annobar korona, zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, da zaɓen shugaban ƙasa da ke tafe. Hukumar FBI ta gudanar da binciken tantancewa da ya shafi mallakar bindiga kusan miliyan 39.7 a shekarar kaɗai. Kasuwa ta cika maƙil, amma kamfanin da ya shekara 204 a cikin sana'ar ya kasa cin ta.

Amsar wannan ɗaurin kai tana cikin abubuwa uku da suka haɗu: bashin da masu kamfanin suka ɗora masa, haja wadda kowa ke iya ƙerawa, da ciniki wanda siyasa ke hawa da saukar da shi.

Daga maƙera zuwa masana'anta

Tarihin kamfanin ya fara a 1816, lokacin da Eliphalet Remington ya ƙera bututun bindiga a maƙerar mahaifinsa a Jihar New York. A 1828 aka mayar da aikin kusa da mashigin ruwan Erie, a wurin da ya zama garin Ilion. Kamfanin ya sayar wa sojojin Arewa makamai a yaƙin basasar Amurka, ya sayar wa ƙasashe irin su Masar, Sifaniya da Denmark bindigarsa mai suna Rolling Block, sannan ya yi wa gwamnatin Amurka aiki a yaƙe-yaƙen duniya biyu.

Bindigogi biyu ne suka riƙe masa suna a zamanin baya-bayan nan: Model 870 ta harbin tsuntsaye, wadda ta fito a 1950, da Model 700 ta farautar manyan dabbobi, wadda ta fito a 1962, kuma sojojin Amurka suka gina bindigogin gwanayen harbi daga nesa a kanta. Kamfanin sinadarai na DuPont ne ya riƙe ragamar Remington daga 1933 har zuwa 1993.

Shigowar Cerberus

A 2007 Cerberus Capital Management ya sayi Remington kan kimanin dala miliyan 370, ciki har da bashin da ya taras. Cerberus yana cikin kamfanonin zuba jari da sana'arsu ita ce sayen wasu kamfanoni, akasari da kuɗin rance, su gyara lissafinsu, su sayar da riba. A irin wannan ciniki, kamfanin da aka saya ne ke ɗaukar nauyin biyan rancen da kuɗin ruwansa.

Tun a 2006 Cerberus ya riga ya sayi Bushmaster. Ya ƙara da DPMS da Marlin da wasu, ya haɗa su a ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna Freedom Group. Domin rage kashe kuɗi aka rufe masana'antar Marlin da ke North Haven a Connecticut da ta Bushmaster da ke Windham a Maine, aka kwashe injuna zuwa wasu wurare, aka bar ƙwararrun ma'aikata da dama a baya. A 2014 kuma aka sanar da buɗe sabuwar masana'anta a Huntsville ta Alabama, bayan hukumomin jihar da na birnin sun ba da tallafin miliyoyin daloli kan alƙawarin samar da ayyuka kusan 2,000.

Wani bincike da mujallar New York Times ta wallafa a 2019 ya nuna yadda aka ci bashin dala miliyan 225 a 2010, aka yi amfani da shi wajen mayar wa masu jari kuɗinsu, daga bisani nauyin ya koma wuyan Remington. Kafin 2018 bashin da ake bin kamfanin ya kai kimanin dala miliyan 950.

Bindigar da kowa ke ƙerawa

Babbar hajar da Freedom Group ya sa rai a kanta ita ce bindiga samfurin AR-15. Eugene Stoner ne ya tsara ta a kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950, aka sayar wa Colt da fasahar a 1959, kuma daga gare ta ne M16 ta sojoji ta samo asali. Haƙƙin mallakar fasahar ya ƙare a 1977. Dokar tarayya da ta taƙaita sayar da irin waɗannan bindigogi ga farar hula ta yi aiki daga 1994 zuwa 2004, majalisa ba ta sabunta ta ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe. AR-15 bindiga ce da ake harhaɗawa daga sassa masu awo ɗaya, ta yadda sashen wannan kamfani ke shiga jikin na wancan. Duk mai injin sassaƙa ƙarfe da lasisin gwamnati zai iya shiga sana'ar, kuma ɗaruruwan ƙananan kamfanoni sun shiga. Manya irin su Smith & Wesson da Ruger ma suka fito da nasu. Idan haja ta zama iri ɗaya a kowane shago, farashi ne ke raba gardama. Zuwa 2017 ana samun sabuwar AR-15 a ƙasa da dala 500. Ƙaramin kamfani marar bashi zai iya rayuwa da ƙaramar riba, amma wanda ke biyan kuɗin ruwan dala miliyan 950 ba zai iya ba.

Cinikin bindiga a Amurka kuma yana bin tsoro. Duk lokacin da masu saye suka ji ƙishin-ƙishin za a tsaurara doka, sai su ruga shaguna. Haka aka yi a zamanin Barack Obama, inda cinikin kamfanin ya haura dala biliyan 1 a 2013. A 2016 masana'antu da dillalai sun cika rumbunansu bisa tsammanin Hillary Clinton za ta ci zaɓe. Donald Trump, wanda ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta mara wa baya, shi ya yi nasara. Fargaba ta kwanta, kaya suka yi kwantai. Cinikin Remington ya faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari a 2017, zuwa kimanin dala miliyan 600.

Zubewar suna da shari'o'i

A daidai wannan lokaci amincin da mafarauta ke yi wa sunan ya fara zaizayewa. An shafe shekaru ana ƙarar kamfanin kan zargin cewa Model 700 tana tashi ba tare da an taɓa kunamarta ba. Kamfanin ya musanta cewa akwai lahani a tsarin, amma a 2014 ya amince da sulhun da ya ba masu bindigogi kusan miliyan 7.5 damar a sauya musu kunama. A shekarar ce kuma ya janye sabuwar ƙaramar bindigarsa R51 daga kasuwa saboda matsaloli.

Mafi nauyi shi ne abin da ya faru ranar 14 ga Disamba, 2012, lokacin da wani matashi ya kashe yara 20 da ma'aikata 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook da ke Newtown a Connecticut, da bindiga ƙirar Bushmaster. Bayan matsin lamba daga asusun fanshon malaman California, Cerberus ya sanar zai sayar da Freedom Group, amma bai samu mai saye ba. A 2014 iyalan mutum tara suka kai ƙara. Dokar tarayya ta 2005 tana kare masu ƙera bindiga daga ɗaukar alhakin laifin da aka aikata da hajarsu, don haka lauyoyin iyalan suka bi ta dokar kare masu sayen kaya ta Connecticut, suna zargin salon tallar bindigar. Kotun ƙolin jihar ta ba su damar ci gaba a 2019, kuma a Fabrairun 2022 aka sasanta kan dala miliyan 73, waɗanda kamfanonin inshora suka biya. Sulhun ya zo ne bayan kamfanin ya riga ya rushe.

Faɗuwa biyu da gwanjo

A Maris 2018 Remington ya nemi kariyar kotu a ƙarƙashin Babi na 11 na dokar karayar arziki, wanda ke bai wa kamfani damar ci gaba da aiki yayin da yake sasantawa da masu binsa bashi. Cikin wata biyu aka share kimanin dala miliyan 775, masu bin bashin, ciki har da Franklin Templeton da JPMorgan, suka karɓi mallakarsa, Cerberus ya fita. Sai dai ciniki ya ci gaba da raguwa. Da kasuwa ta buɗe a 2020, kamfanin ba shi da isassun kuɗin sayen kayan aiki da zai ƙera abin da ake nema.

A Satumban 2020 aka yi gwanjonsa gunduwa-gunduwa kan kimanin dala miliyan 155. Vista Outdoor ya ɗauki sashen harsasai kan dala miliyan 81.4, Ruger ya ɗauki Marlin kan kimanin miliyan 30, Franklin Armory ya ɗauki Bushmaster. Sashen bindigogin Remington kansa, da tsohuwar masana'antar Ilion, ya tafi hannun Roundhill Group kan dala miliyan 13 kacal.

Remington ba shi kaɗai wannan kasuwa ta kayar ba. Colt ya shiga karayar arziki a 2015 bayan ya rasa kwangilar bindigar M4 ta sojoji, kuma a 2021 kamfanin CZ na Jamhuriyar Czech ya saye shi. Windham Weaponry, wanda tsohon mai Bushmaster ya kafa da ma'aikatan da aka sallama a Maine, ya sanar da rufewa a Satumban 2023.

Wa ya ɗauki asarar?

Rushewar kamfanin ba ta rage yawan bindigogi a shagunan Amurka ba. Har yau ana sayar da bindiga da harsashi masu sunan Remington, Marlin da Bushmaster, a hannun sababbin masu su. Waɗanda suka ji jiki su ne ma'aikata. A Oktoban 2020 aka sallami kusan mutum 600 a Ilion ba tare da kuɗin sallama ba, lamarin da ƙungiyar ƙwadagonsu ta yi ta jayayya a kai. Sabon kamfanin, RemArms, ya dawo da wasunsu, sannan ya mayar da hedikwatarsa LaGrange ta Jihar Georgia. A Maris 2024 ya rufe masana'antar Ilion baki ɗaya, bayan kusan shekara 200 ana ƙera bindiga a garin.