Daga Majigi Zuwa Laftof: Yadda Kallo Ya Ƙetare Ganuwar Zariya

A gidaje da dama na cikin birnin Zariya, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, za ka tarar da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ajiye kusa da talabijin, an haɗa su da wayar HDMI. Galibi wani ɗan gida ne ya yi karatu da ita a jami'a, da ta tsufa ya bar wa iyali. Mai kallo zai ɗauka dabarar yaran zamani ce kawai. Amma a bayanta akwai tarihin shekara tamanin na tambaya guda: wa ke zaɓa wa gida abin da zai gani?

Hoto mai motsi ya fara iso wa talakan Arewa ne a bayan mota. A 1939 Turawan mulki suka kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da suke mulka, motocin majigi kuma suka riƙa zagaya garuruwa. Bayan sallar isha'i sai a kafa farin ƙyalle a fili, mai fassara ya ɗauki lasifika yana bayani kan tsafta, allurar rigakafi ko noman auduga. Kallon kyauta ne, amma hukuma ce ta zaɓa.

Gidan sinima kuwa malamai ba su yi na'am da shi ba, shi ya sa mazauninsa ya kasance wajen ganuwa, a Sabon Gari. Gobarar sinimar El Duniya ta Kano a 1951, wadda ta ci rayuka sama da 300, ta ƙara wa mutane ƙyamar wurin. Saurayin birni kan saci jiki ya fita ta Ƙofar Doka ya kalli fim ɗin Indiya, amma matar aure da ke cikin kulle sai dai ta ji labari.

Talabijin ce ta fara kawo kallo cikin gida. An buɗe ta Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, shekarar da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello. A 1977 gwamnatin tarayya ta tattara tashoshin a ƙarƙashin NTA. Gidan da ke da akwati ya zama dandalin unguwa, yara na leƙe ta taga don ganin Samanja ko Kasimu Yero. Duk da haka tasha ce ke yanke abin da za a nuna da lokacin nuna shi.

Kaset ɗin bidiyo ya sauya wannan. Turmin Danya, wanda aka fitar a Kano a 1990, ya buɗe ƙofar finafinan Hausa, shagunan haya suka bazu, mata suka zama manyan masu kallo ba tare da sun taka zaure ba. Daga baya faifan CD ya kori kaset, masu tura fim a waya suka kori faifai. Tashar Arewa24 ta zo a 2014, sannan shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So suka koma YouTube a 2020.

A nan ne aka yi wata asara da ba a cika lura da ita ba. Majigi da talabijin da bidiyo duk a taro ake kallonsu. Kaka na gefe tana gyara wa jika fahimta, uba na iya cewa a kashe. Waya ta watsa wannan taro. Kowa ya shige ɗaki da abin sa wa a kunne, babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ke gani.

Laftof da aka jona da talabijin tana dawo da taron. Aikin ba shi da wuya: waya ɗaya ce ke ɗaukar hoto da sauti, manhajar VLC, wadda ɗalibai suka fara rubutawa a Faransa kuma kyauta ce, tana buɗe kusan kowane irin fim. Abin da aka sauke sau ɗaya ana iya maimaita shi ba tare da sayen data ba. In an ɗauke wuta, batirinta na riƙe fim ɗin a inda aka tsaya. Kuma cikinta na ɗaukar tafsirin azumin bara, bikin yaya, da hawan sallar da aka ɗauka a Ƙofar Fada.

Sai dai zaɓin da jami'in mulki da shugaban tasha da ɗan kasuwa suka riƙe a da, yanzu ya faɗo hannun mutanen gida, kuma zaɓi nauyi ne. Wanda ya loda wa na'urar fim shi ne mai majigin gidan. Haka nan rumbun kwamfuta na mutuwa kamar yadda kaset ya ruɓe a akwatunan iyayenmu, ya tafi da bukukuwan da ba za a sake gani ba. Don haka kafin ka zauna kallo a daren nan, duba abin da ke cikinta, ka kuma kwafe bidiyon iyali a wani wuri na daban.