Joseph Banks da Masanan Faransa: Zumunci a Tsakiyar Yaƙi

Daga 1793 zuwa 1815, in ban da ɗan taƙaitaccen sulhu, Ingila da Faransa ba sa ga maciji. Duk da haka wasiƙu ba su daina ƙetare teku tsakanin masana tsirrai da duwatsu na ƙasashen biyu ba. Jigon wannan zumunci shi ne Joseph Banks, attajiri mai manyan gonaki, wanda ya shugabanci ƙungiyar masana ta Royal Society daga 1778 har rasuwarsa a 1820.

Lamarin Labillardière ne ya fi nuna halinsa. Wannan Bafaranshe ya bi jiragen binciken Faransa ƙarƙashin d'Entrecasteaux a 1791, ya yi ta tsinkar ganye da furanni a gaɓar Ostireliya, yana busarwa yana jerawa tsakanin takardu. A Java aka ƙwace kayan, daga bisani suka faɗa hannun Ingilishi a matsayin ganima. Banks, wanda shi kansa ya tattara tsirrai a Ostireliya a 1770, ya san darajar abin da ke ciki fiye da kowa. Amma ya sa baki har aka mayar da su Faransa a 1796, bai amfana da gumin mai su ba. Da su Labillardière ya wallafa littafinsa kan tsirran Ostireliya daga 1804. Wannan riƙon amana ne, kuma ina ganin ya cancanci yabo ba tare da kame-kame ba.

Zumuncin ya taɓa ƙasarmu ma. Friedrich Hornemann, wanda wata ƙungiya ta su Banks ta tura binciken Afirka, yana Alƙahira sojojin Napoleon suka shigo a 1798. Faransawa suka taimaka masa ya kama hanya, har ya kai Borno da Katsina.

Sai dai a lura da inda alfarmar take ci da inda take kasawa. Busasshen ganye ba ya cutar da kowa, shi ya sa gwamnati ta sake shi cikin sauƙi. Da aka ɗaure masanin duwatsu na Faransa Dolomieu a Messina a 1799, Banks ya yi ta roƙo, amma nasarar sojan Faransa ce ta buɗe masa kurkuku a 1801. Shi kansa Banks ya sha suka a gida, aka zarge shi da son abokan gaba, saboda godiyar da ya yi lokacin da cibiyar masana ta Faransa ta zaɓe shi mamba.

Taswira kuwa makami ce a idon masu mulki. Matthew Flinders ɗan Ingila, wanda ya kewaye Ostireliya yana zana gaɓarta, ya yada zango a tsibirin Moris a 1803, gwamnan Faransa na tsibirin, Decaen, ya tsare shi. Banks ya rubuta wa abokansa na Faris, suka yi iya ƙoƙarinsu, har aka amince da sakinsa a 1806. Decaen bai sake shi ba sai 1810.