Dirkar Bango a Ginin Katako

Dirkar bango ita ce sandar katako ko ta ƙarfe da ake tsayarwa a jere cikin bangon gida, tsakanin katakon da ke kwance a ƙasa da wanda ke kwance a sama. Ita ke ɗaukar nauyin rufi da na bene ta sauke shi kan harsashi, kuma a jikinta ake kafe allunan da ke rufe bango ciki da waje. Mafi yawan gidajen zama na Amurka da Kanada a kanta suke tsaye.

Kafin ƙarni na 19, da manyan gumagumai ake tayar da gidan katako, ana sassaƙa wa wannan haƙori a fafe wa wancan rami, aikin da sai gwani. A shekarun 1830 wani salo ya bayyana a birnin Shikago, inda aka koma ga siraran katakai masu yawa da ake haɗawa da ƙusa kawai. Akan danganta shi da George Washington Snow, da kuma Augustine Taylor wanda ya gina cocin St. Mary a 1833. Arahar ƙusar inji da yawaitar injinan yanka katako su suka ba salon gindin zama. A farko dirka ɗaya kan tashi daga harsashi har rufi ko da gidan bene ne, sai dai kogon da ke tsakanin dirkoki ya zama wa gobara hanyar hawa. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 tsarin dandamali ya maye gurbinsa: a gama hawa ɗaya, a shimfiɗa daɓe, sannan a tayar da na sama.

Dirkar da ta fi yaɗuwa ita ce biyu-da-huɗu. Sunan awon ɗanyen katako ne. Bayan bushewa da gogewa, abin da ya saura inci 1½ ne da inci 3½, wato milimita 38 da 89. Amurka ta fara daidaita awon katako a 1924, ƙa'idar 1970 kuma ta tabbatar da wannan awo ga katakon da damshinsa bai wuce kashi 19 cikin ɗari ba. Biyu-da-shida, mai milimita 38 da 140, ta samu karɓuwa a bangon waje bayan matsalar man fetur ta 1973, domin kogonta ya fi cin abin tare sanyi.

Tazarar dirkoki inci 16 ce ko 24, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar waccan. Hikimar awon tana ga allo: faɗinsa ƙafa 4 ne, wato inci 48, wanda ke rabuwa daidai da 16 da kuma 24, don haka bakin kowane allo kan faɗa a tsakiyar dirka, a samu wurin ƙusa ga alluna biyu. Tsayin ma haka aka auna shi. Dirkar da ake sayarwa a yanke tana da inci 92⅝. Idan aka ƙara katako ɗaya na ƙasa da biyu na sama, bango ya kai inci 97⅛, wanda ya ishi allon silin da allunan bango biyu, har 'yar tazara ta rage a ƙasa don kada allo ya sha damshin daɓe.

Itatuwan dangin fain ake amfani da su, saboda sauƙin nauyi da karɓar ƙusa, kuma kowace sanda tana ɗauke da hatimin da ke nuna irin itacen, darajarsa da bushewarsa. Katakon da zai taɓa kankare sai an jiƙa shi da maganin gara da ruɓa. Dirkar ƙarfe mai shafin tutiya, wadda faɗinta kan zama inci 3⅝, ta mamaye bangon raba ɗakuna a ofisoshi. Ba ta lanƙwasa don damshi, gara ba ta cin ta, amma tana saurin wuce da zafi da sanyi.

A Birtaniya tazarar milimita 400 ce ko 600, a Ostareliya kuwa 450 ko 600, da katako mai faɗin milimita 90. A Nijeriya, inda bango na bulo ne ko tubali, kafintoci sun san biyu-da-huɗu da biyu-da-shida sarai, sai dai a aikin rufin kwano suke amfani da su.

Muhimmancin dirka yana ga daidaiton awonta. Masu yin ƙofa, taga, allo da abin tare sanyi duk a kan wannan awo suke yanka kayansu, shi ya sa kafintoci kaɗan kan iya tayar da ƙwarangwal ɗin gida cikin 'yan makonni da zarto, guduma da magwaji.