Mantara: kalmomin da mabiya addinin Hindu ke maimaitawa, da ladar da suke nema a cikinsu

Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya, a Maraɗi ne ko a Garwa ko a Zangon Kumasi, ya taɓa ganin malamin ɗakin bauta zaune gaban wuta yana rera wasu kalmomi da wata irin murya mai hawa da sauka, ko wata tsohuwa ta runtse ido tana jan carbi. Abin da suke karantawa shi ake kira mantara, kalmar harshen Sanskirit, tsohon harshen addini da ilimi na Indiya. Mantara na iya zama sauti guda, kamar "Om", ko jimla ƙarama, ko baiti cikakke da ake fuskantar da shi ga wani abin bauta. Masu addinin, waɗanda yawansu ya haura biliyan ɗaya, sun yi imani cewa ƙarfin yana cikin sautin kansa, ba cikin ma'anar kaɗai ba.

Daga ina suka samo asali

Mafi daɗewar mantarori suna cikin littattafan Veda guda huɗu. Na farkonsu, Rigveda, ya ƙunshi waƙoƙin yabo 1,028 a kashi goma, kuma masana na ganin an tsara shi tsakanin shekara ta 1500 da 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ƙarnoni masu yawa ba a rubuta shi ba, da ka ake riƙe shi, ɗalibi ya karɓa daga bakin malami. Don kada harafi ya goce, malaman sun ƙirƙiro hanyoyin hadda masu wuya: a karanta baitin a haɗe, a karanta shi kalma-kalma, a karanta kalmomin bibbiyu, sannan a riƙa kai su gaba a dawo da su baya. Wanda ya san yadda gardi ke kiyaye harji a tsangaya zai gane irin wannan tsantseni. A shekarar 2003 hukumar UNESCO ta sanya wannan karatu cikin manyan kayan gadon baka na ɗan Adam.

Wace mantara, ga wane abin bauta

Wadda ta fi kowace daraja ita ce Gayatri, baiti mai gaɓoɓi 24 da ke kashi na uku na Rigveda. Ana fuskantar da ita ga Savitar, abin bautar da ke da alaƙa da rana, kuma roƙon da ke cikinta shi ne ya haskaka hankalin mai karantawa. Ana yin ta da asuba da faɗuwar rana. A da, yara maza na manyan azuzuwan al'umma uku ne kawai ake koya wa, a bikin da ake rataya musu zaren ibada. Mata da ƴan ajin ƙasa an hana su. Ƙungiyar Arya Samaj, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, na cikin waɗanda suka yaƙi wannan wariya, kuma a yau Gayatri na fitowa daga wayoyin hannu da lasifikokin shaguna ba tare da an tambayi asalin kowa ba.

Masu bautar Shiva suna da tasu mai gaɓoɓi biyar, wadda ma'anarta gaisuwa ce da ƙanƙan da kai gare shi. Akwai kuma Mahamrityunjaya, wato "mai rinjayar mutuwa", da ake yi wa marar lafiya ko wanda ya shiga haɗari. Kafin a fara sabon kasuwanci ko a ɗaura aure, Ganesha mai kan giwa ake kira, domin shi suke ɗauka mai kawar da cikas. Ɗalibai na neman Saraswati, ƴan kasuwa na neman Lakshmi.

Wadda duniya ta fi sani ita ce ta Krishna, mai kalmomi 16 da aka gina kan sunaye uku kacal. Wani malamin Bengal mai suna Chaitanya, wanda aka haifa a 1486, shi ya fito da ita titi, ana rerawa a cikin jama'a da ganga da ƙararrawa. Ƙungiyar ISKCON, da Bhaktivedanta Swami Prabhupada ya kafa a birnin New York na Amurka a 1966, ita ta kai ta sauran nahiyoyi.

Yadda ake yi

Maimaita mantara da ƙirga shi ake kira japa. Carbin da ake ja, mala, yana da ƙwaya 108, da wata babba guda da ba a ƙirgawa kuma ba a tsallakewa. In an iso gare ta sai a juya carbin a koma baya. Mutanen Shiva na amfani da ƙwallon itacen rudraksha, na Vishnu da Krishna kuwa da icen tulsi, wani tsiro ɗan uwan ɗoɗɗoya. Mabiyin ISKCON da ya yi mubaya'a yana ɗaukar alkawarin zagaye carbin sau 16 kullum, wato karatu 1,728, abin da kan ci kusan awa biyu.

Ana iya yi da murya, ko da raɗa, ko a zuci. Tsohon littafin dokoki na Manu ya fifita na raɗa a kan na bayyane, ya fifita na zuci a kan duka. Wasu ma rubutawa suke yi, su cika littafi bayan littafi da sunan Rama. A mazhabobi da dama ana cewa mantara ba ta aiki sosai sai an karɓe ta daga bakin malami, wanda kan raɗa wa almajiri ita a kunne ranar mubaya'a.

Me suke fatan samu

Nan ne maganar ta rarrabu, domin Hindu ba mazhaba ɗaya ba ce. A wurin talaka mai bauta, amfanin a fili yake: kariya, lafiya, haihuwa, buɗin kasuwa, da wanke zunubi. A wurin masu bin tafarkin yoga, manufar ita ce a ɗaure tunani wuri guda. Littafin Patanjali ya ce maimaita "Om" tare da tuna ma'anarsa na juyar da hankali ciki, ya kuma kawar da abubuwan da ke hana natsuwa. Masu tafarkin ƙauna, bhakti, sun fi kowa zurfafawa. A ganinsu sunan abin bautar da shi kansa abu ɗaya ne, saboda haka wanda ya ambace shi yana tare da shi a lokacin. Sukan ce a wannan zamani na lalacewa, da suke kira Kali Yuga, manyan hadayu sun fi ƙarfin mutane, ambaton suna ne ya rage. Babban burin dai shi ne moksha, kuɓuta daga zagayen mutuwa da sake haihuwa.

Ba yau aka fara gardama a kai ba. Tun kafin zamanin Annabi Isa (AS), littafin Nirukta na Yaska ya kawo ra'ayin wani malami, Kautsa, da ya ce mantarorin Veda ba su da ma'ana, sannan ya mayar masa da martani.

Likitoci sun auna abin da za a iya aunawa. Wani bincike da mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga a 2001 ya gano cewa jan carbin Katolika da Latin da kuma maimaita wata mantara duk suna rage numfashi zuwa kusan sau shida a minti, abin da ke daidaita bugun zuciya. Sai dai mutane 23 kacal aka gwada, kuma sakamakon bai fifita kalmomin wani addini ba. Tallan da ake gani a intanet cewa wata mantara na warkar da kansa ko ciwon sukari ba shi da madogara a likitance, kuma barin magani saboda shi ganganci ne.

A nahiyar Afirka

Moris ce ƙasar Afirka da Hindu ya fi kowane addini mabiya, kusan rabin jama'arta. Kowace shekara, a bikin daren Shiva, dubban ɗaruruwan mutane kan taka da ƙafa zuwa tafkin Grand Bassin suna rera sunansa. A Afirka ta Yamma kuwa Ghana ce ta yi fice. A unguwar Odorkor ta birnin Akra akwai cibiyar Hindu Monastery of Africa, wadda aka kafa a 1975 ƙarƙashin Swami Ghanananda Saraswati, ɗan ƙasar da ya je Indiya ya yi karatu, ya kuma jagorance ta har rasuwarsa a 2016. Mafi yawan masu ibada a wurin ƴan Ghana ne, ba Indiyawa ba, kuma da Sanskirit suke rera mantarorinsu.