Yadda Fafaroma Ya Koma Sarkin Hekta 44

Ran 20 ga Satumba 1870, igwa ta fasa ganuwar birnin Rum daura da ƙofar Porta Pia, sojojin Italiya suka kutsa ciki. Nan aka naɗe tabarmar mulkin da fafaromomi suka shekara dubu da ɗoriya suna yi a tsakiyar Italiya, da harajinsu da dakarunsu da gidajen yarinsu.

Fafaroma Pius na Tara ya ƙi sallamawa. A 1871 gwamnati ta yanka masa kuɗin shekara-shekara, ya ce a kai kasuwa, ya kulle kansa a fadar Vatikan. Fushin ya kai ga an hana mabiya Katolika na Italiya jefa ƙuri'a a zaɓen majalisa. Hatta albarkar da sabon fafaroma kan sa wa jama'a ranar zaɓensa, magadansa uku a jere daga cikin cocin Saint Peter suka sa ta, suka ba wa dandali baya. Sai a 1922 Pius na Sha Ɗaya ya fito barandar waje, ya fuskanci gari.

Shi ne kuma ya sasanta. Ran 11 ga Fabrairu 1929, Kadinal Pietro Gasparri, wakilin fafaroma, da Benito Mussolini, shugaban gwamnatin Italiya, suka rattaba hannu kan yarjejeniya a fadar Lateran. Mussolini ba mai ibada ba ne, karɓuwa yake nema wajen talakawa. Fafaroma ya tashi da ƙasa mai hekta 44 kacal, da diyyar lira miliyan 750 lakadan, da biliyan ɗaya a takardun lamunin gwamnati.

Ƙanƙantar nan ta yi masa rana, domin wanda ba ya neman ƙasar kowa ana saurarensa. A 1931 Guglielmo Marconi ya kafa masa gidan rediyo. A 1965 Paul na Shida ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya.

A Disamban 1978 kuwa, Ajantina da Chile na gab da gwabzawa kan wasu tsibirai a mashigin Beagle, John Paul na Biyu ya tura Kadinal Antonio Samorè ya shiga tsakani. Dattijon ya yi ta kai-komo tsakanin Buenos Aires da Santiago har aka janye dakaru. Ya rasu a 1983, ba a sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ba sai a Nuwamban 1984, a Vatikan.