Daren Kano Ma Yana Da Tarihi: Daga Rufe Ƙofa Zuwa Sabon Gari



Duk mai yawan karanta littattafanmu na yanzu ya san wannan: da zarar marubuci ya so ya nuna tauraronsa ya lalace, sai ya ɗauke shi ya jefa shi "wani kulob". Kiɗa na tashi, hayaƙi ya turnuƙe, kwalabe birjik a kan tebur, shi ke nan an gama. Kulob ɗin ba shi da unguwa, ba shi da shekara, ba a san wa ya gina shi ba, ba a san wace doka ta bar shi ya buɗe ba. Alhali dare ma yana da tarihi kamar yadda sarauta da kasuwa suke da shi. Bari mu ɗauki Kano misali, tunda can ne yawancinmu muke kai taurarinmu.

A shekarar 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya shiga Kano, ya kuma rubuta cewa ana buɗe ƙofofin ganuwa da fitowar rana, a rufe su da faɗuwarta. Wato wanda magariba ta yi masa a waje, sai ya kwana a waje. Daren cikin birni kuwa na almajirai ne masu karatu a gindin wutar kara, da 'yan mata masu gaɗa a dandali, da samari masu zance, da tsofaffi masu tatsuniya. Giya tana nan, Maguzawa na dafa abinsu a ƙauyuka. Gidajen magajiya ma suna nan, inda mata masu zaman kansu da 'yan bori suke. Amma duk a gefe suke, ƙarƙashin idon sarki da alƙali.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Jirgin ya zo da akawu, da direbobi, da kafintoci, da 'yan kasuwa daga Kudu, har da mutanen Saliyo da ƙasar da ake kira Gana yanzu. Turawa ba su so waɗannan baƙi su zauna cikin ganuwa, don haka wajen 1913 aka yanka musu fili aka kira shi Sabon Gari. Su kuma Turawan suka koma Nassarawa, da kulob ɗinsu wanda baƙar fata ba ya shiga sai in aiki ya kai shi.

A nan ne maganar barasa ta shigo. Tun 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels cewa ba za a shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba ta riga ta bazu ba, musamman ƙasashen Musulmi. Da wannan Lugga ya hana sayar wa 'yan ƙasar Arewa barasar Turawa. Sai dai dokar ta bar ƙofa: Bature zai sha, baƙon da ya zo daga Kudu ma yana da hanyar samun izini. To, ina za a sayar? Sai inda baƙin suke. Kun ga ke nan, doka ce ta zana wa daren Kano taswira. Birni na sarki da alƙali, Nassarawa ta Bature, Sabon Gari kuma ta ɗauki mashaya da otal da gidan rawa. Mutumin birni da ke son abin da aka hana shi, sai ya jira duhu ya fita ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai, ya ratsa Fagge. Kalmar "bariki" ma da muke ta amfani da ita, asalinta sunan mazaunin soja ne da Turawa. A hankali ta zama sunan duk rayuwar da ke wajen idon iyaye, har aka samu ɗan bariki da 'yar bariki.

Wannan dabara ta ware wa dare unguwa ba a Kano kaɗai aka yi ta ba. A Japan, a 1617, mahukuntan birnin Edo, wanda shi ne Tokiyo a yau, sun tattara gidajen shaƙatawa a unguwa ɗaya mai suna Yoshiwara, suka kewaye ta, suka bar mata ƙofa guda. Bayan babbar gobarar 1657 suka ƙara tura ta bayan gari. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne yadda marubutansu suka yi da ita. Ihara Saikaku, mutumin Osaka, wanda ya fitar da littafinsa na farko na ƙagaggen labari a 1682, ya rubuta irin waɗannan unguwanni da kuɗinsu da bashinsu da yaudararsu, har yau masu tarihi na komawa gare shi. A Tokiyo ta yanzu akwai lungunan Golden Gai a Shinjuku, masu ƙananan mashaya wajen 200, wasu ko mutum goma ba sa ɗauka. Daga kasuwar bayan fage ta bayan yaƙin 1945 suka samo asali, kuma an san su da taron marubuta da masu shirya fim. Jafanawa sun san wace shekara kowane lungu ya tashi. Mu fa?

Mu dawo Kano. A 1937 aka buɗe silimar Rex a gefen Sabon Gari, 'yan kasuwa Kwarori ne suka jagoranci harkar. Silima ta zama sabuwar ƙofar dare, kuma malamai ba su yi na'am da ita ba, saboda cakuɗar maza da mata da kusancinta da mashaya. A watan Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum fiye da 300 suka rasu. Da yawa a birni suka ɗauki abin a matsayin ishara daga Allah. Duk da haka, ba a daɗe ba aka buɗe Palace a cikin ganuwa, kusa da Kasuwar Kurmi, aka kuwa sha rigima a kanta. Daga waɗannan gidaje finafinan Indiya suka shiga jinin Bahaushe, kuma kowa ya san tasirinsu a kan littattafan soyayya da finafinanmu. Ashe daren da muke zagi a littafi yana da hannu a haihuwar littafin kansa.

Haka kiɗa. Goge da kukuma sun yi ƙarfi ne a otal-otal da gidajen magajiya na Kano da Zariya da Funtuwa da Jos. Garba Supa da Hassan Wayam daga wannan duniya suka yi suna, Mamman Shata kuwa, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa sarakuna da attajirai waƙa, ya kuma yi wa direbobi da matan bariki. A ɗaya gefen, Mu'azu Haɗeja ya rubuta waƙoƙinsa na gargaɗi a kan giya da karuwanci. Gargaɗin nasa ya yi kaifi ne domin ya san abin da yake magana a kai. Siyasa ma ta biyo ta nan: bayan kafa NEPU a 1950, ita da NPC duk sun jingina da magajiyoyi wajen tara mata, domin matan aure na kulle, su kuwa waɗannan suna da 'yancin fita taro.

Daga nan daren ya yi ta faɗi-tashi. Kashe-kashen 1966 sun kusan mayar da Sabon Gari kango, sai bayan yaƙin basasa a 1970 ta farfaɗo, kuɗin fetur ya kawo manyan otal da disko. A shekarar 2000 Kano ta ƙaddamar da shari'a, Hisba ta samu doka a 2003, silimomi suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Harin 20 ga Janairun 2012 ya jawo dokar hana fita, a Yulin 2013 bama-bamai suka tashi a wuraren shaƙatawa na Sabon Gari, a Nuwambar shekarar kuma Hisba ta fasa kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a. Saboda haka wanda ya sa tauraronsa a mashaya a 1975, da wanda ya sa shi a 2013, labari biyu suke rubutawa. Na farko tsoron idon sani yake ji, na biyu tsoron kame da tsoron bam.

Mu nan ƙasar Zuru abin ya sha bamban, kuma wannan ma darasi ne. A wurin masu bin al'adar gargajiya burkutu abin gayya ne da biki irin na Uhola, da rana ake shan ta a gaban dattawa, babu batun ɓuya. Sannan ƙasarmu ta ba aikin soja 'ya'ya masu yawa, waɗanda suka zauna barikokin Kaduna da Kano da Legas, suka san kasuwar mami ciki da waje. Marubucin da ya kwaso kulob ɗin fim ɗin Amurka ya dasa shi a Mahuta, ya zubar da wannan arziki duka.

Ba cewa nake mu je mashaya neman ilham ba, kuma ba ado nake yi wa abin da addini ya hana ba. Abin da nake cewa shi ne wa'azin da bai san inda ɓarna take kwana ba, ba ya ratsa zuciya. Tsofaffin direbobi da sojojin da suka yi ritaya da makaɗan da suka ga wancan zamani suna nan a unguwanninmu, kullum kuma raguwa suke yi. Mu zauna da su, mu tambaye su nawa ne kuɗin shiga silima, da me ake komawa gida bayan an tashi, wa ke riƙe ƙofa, me ake ce wa iyaye da safe. In suka tafi ba mu tambaya ba, da su da amsar za a binne.

Allah ya sa alƙalumanmu su zama hujja gare mu. Sai mako mai zuwa in muna cikin masu rai.