Bangon Silinda: Abin da Bakanike Ya Nuna Mini da Yatsa

Yau hirar tamu ta baƙin mai ce.

Ina yaro, kawuna yana da a-kori-kura Peugeot 504 da yake ɗaukar albasa da tafarnuwa daga Goronyo da Wurno zuwa Sakkwato. Wata shekara ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai kamar ruwa. Da bakanike ya sauke injin, sai ya kama yatsana ya zura cikin ramin silinda, ya ce, "Ɗana, ka ji wannan gaɓar ta sama? Nan ringi yake tsayawa. Ƙasanta duk ƙurar hanya ta cinye."

To, idan bango ya ci haka me ake yi? A yawancin injina, sai a kai bulok wurin masu borin, su faɗaɗa ramin da milimita 0.25 ko 0.50, a sa fistin daidai sabon faɗin. Sannan a goge bangon da duwatsu masu juyawa suna hawa suna sauka, su bar siraran layuka masu gittar juna. Layukan nan ne ke riƙe mai. Bangon da ya yi sumul kamar madubi, sabon ringi ba ya zama a kansa, hayaƙin ya dawo.

Aikin nan fa tsoho ne. A 1774 wani Bature a Ingila, John Wilkinson, ya ƙera na'urar huda ƙarfe daidai wa daida, kuma da irinta aka samu silindar da injin tururin James Watt ya yi aiki da ita.

Amma kawu bai je borin ba. Injin 504, motar da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, silindarsa bututu ne da ake zarewa a sa sabo. Shi ya sa ta daɗe a hanyoyinmu: an yi ta ne don a gyara.

Daga 1986, da tsarin SAP na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sabbin kayan gyara suka yi tsada. Sai injinan Beljiyam suka cika kasuwa. Maimakon gyara, aka koma sauke wannan a ɗora wancan, ba tare da sanin abin da ke cikinsa ba.

Sai dai sana'ar ba ta mutu ba, fadama ta koma. An gama madatsar ruwan Goronyo a kan Kogin Rima a 1984, ƙananan injinan ban ruwa kuma suka ture jigo a gonakin rani har fadamun Rabah. Kowanne silinda ɗaya gare shi, kuma cikin ƙurar hunturu yake wuni. Ya tsaya lokacin da albasa ke ƙosawa, wallahi wahalar shekara ce ta tafi.

Don haka ɗan'uwa, ka riƙa wanke matatar iska. In an buɗe maka inji, kada ka yarda a sa ringi kawai: a auna ramin, a goge bangon.

Ku kuma, a garinku wa ya rage mai wannan aikin? Ku faɗa mana. Sai wani jiƙon.